Bijimin Aljanin Rijiya

Ni ɗan mahauta ne daga Gagarawa. Mahaifina ya koya mini riƙe wuƙa tun ina yaro, har kuma na zama saurayi ba a taɓa kama ni da kayan wani ba. Ku samari, ku ji yadda na lalace, don ba a rana ɗaya abin ya faru ba.

A farkon shekarun saba'in aka yi farin nan mai tsanani. Dabbobi suka rame, sana'armu ta mutu. Lokacin ne wani boka da ake kira Na-Tsamiya ya sauka a bayan garinmu. Yana gaya wa mutane cewa kowane abu da aljaninsa: na ruwa farin rago yake so, na ƙasa baƙin bunsuru, na wuta jan zakara, na iska kuwa turare da nono. Ya neme ni in riƙa yi masa yanka. Ranar farko ya hana ni yin bisimilla. Amma da wanda ya kawo dabbar ya tafi, bokan ya ce in ɗauki cinya ɗaya in kai gida. Na kai, aka dafa, ban faɗa wa kowa inda ta fito ba.

Ban daɗe ba na gane cewa jini kawai ake zuba wa aljanun a rami, nama kuwa namu ne. Wata rana na tambaye shi ko ya taɓa ganin aljani da idonsa. Ya yi dariya ya ce abin da ya saba gani shi ne mutum mai tsoro, kuma shi ke ciyar da boka.

Wannan magana ta zauna mini a rai. Na ɗinka riga ja da baƙi, na rataya layu, na nufi ƙauyukan Sule Tankarkar inda ba a san ni ba. Can na haɗu da Ardo Sambo, wani dattijon Bafulatani da rijiyarsa ta kusa ƙafewa, shanunsa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin kirki ne mai salla, amma wahala ta kai shi bango. Na ce masa aljanin rijiyar ne ya yi fushi, don an daɗe ana shan ruwansa ba a ba shi komai ba. Ya kawo farin rago, na yanka a bakin rijiyar, jinin ya kwarara ciki ya ɓata ɗan ruwan da ya rage. Da ruwa bai ƙaru ba, na ce aljanin ya raina rago, bijimi yake so, kuma ba a yanka shi a gaban mutane. Tsohon ya kwanto bijimin da ya fi ƙauna, ya miƙa mini igiyar yana hawaye.

Ban tsaya ko'ina ba sai karar shanu ta Maigatari ranar kasuwa. Ban san Manu, babban ɗan Ardo Sambo, ya zo sayar da fatu ba. Ya gane bijimin da tsagar kunnensa. Rana tsaka, ina cikin ciniki, na ji an shaƙe wuyan rigata ta baya. Ya ce ba zai dake ni ba, in dai zo mu je gaban mahaifinsa in maimaita abin da na ce game da aljani.

Da na bi shi, da kunya kawai zan sha. Sai na zaro wuƙa. Ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa, na sare shi a tsintsiyar hannu har na ji ƙashi. Ya durƙusa, na ƙara masa wani saran a kafaɗa. Jini ya wanke mini fuska. Nan take makiyaya suka rufe ni da sanduna. Aka zubar mini da haƙora, aka karya mini haƙarƙari, wani ya buga mini dutse a idon hagu, wanda har yau ba na gani da shi. Suna jana a ƙasa za su ƙarasa ni 'yan sanda suka iso.

A Gumel aka yi mini shari'a aka ɗaure ni. Manu bai mutu ba, amma sai da aka guntule masa hannun. Mahaifina bai taɓa zuwa dubana ba, ina gidan yari ya rasu. A can na koma ga salla, na kuma koyi saƙar tabarma.

Ƙarshen shekarun saba'in aka sallame ni. Na tafi neman gafara, na tarar Ardo Sambo ya rasu, garkensa ya ƙare. Manu na kiwon shanun wasu, sanda a hannu ɗaya. Na durƙusa a gabansa. Ya dube ni ya ce, "Hannun nan na yafe maka, haka Allah ya rubuta. Amma mahaifina ya mutu yana kuka cewa ya zubar da jini don wanin Allah. Wannan ba ni da ikon yafe maka shi."

Na tashi na tafi. Tun ranar nake roƙon Allah gafara, ni da tsohon nan.

Samari, duk wanda ya ce ku yanka wa ruwa ko wuta ko iska wani abu, ku guje shi. Kada ku ci abinci da tsoron bayin Allah. In kuma asirinku ya tonu, ku sunkuyar da kai ku sha kunyar. Ni na ƙi shan ta, ga yadda na ƙare.