Mama Prudence, Kunne Marar Baki

Kafin kasuwar Dutse Alhaji ta cika, Mama Prudence ta riga ta share ƙofar shagonta, ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta ajiye kujera a bayanta. Tun da yanar ido ta fara rufe mata gani ba ta iya karanta rubutun hannu, sai a zauna a karanta mata tana bugawa. Matan da ke rubuta littattafan soyayya sun san darajar kujerar nan, domin duk abin da ya fito daga bakinki, Mama ba ta waiwayowa.

Hindatu ta fi kowa sani. Littafinta na uku labarin wata mata ne da kwanciyar aure ta zame wa azaba bayan haihuwa, ta kasa gaya wa mijinta. Tsoron Hindatu ɗaya ne: mutanenmu in mace ta rubuta ɗaki, sai su ce nata ɗakin ta buɗe. Ga dangin mijinta, Manniru, ba sa barin littafinta ya wuce su.

Ranar da suka iso wannan wurin a littafin, Hindatu na kan kujerar tana karantawa. Ta yi dabarar da ta saba: a cikin labarin ta kashe fitila, gari ya waye. Yatsun Mama suka tsaya.

"Kullum kina kashe wuta, madam. Wannan mata bai gama magana ba fa."

Hindatu ta ji kamar ta nutse. Ta koma gida ta yi sati tana rubutawa tana yagawa, wannan kalma ta yi tsirara da yawa, waccan kuma ƙarya ce. Da ta dawo, matar labarin ta riƙe hannun mijinta ta faɗi inda ke mata ciwo, cikin kunya amma ba ɓoyo. Mama ta buga har ƙarshe, ƙeyarta ko motsi.

Abin da ake gudu bai fasa zuwa ba. Littafi na fita, yayar Manniru ta zo shagon wai hoton takarda, ta shiga bugun ciki, ko Hindatu ta yi kuka sa'ad da take karanta wurin nan? Mai gyaran waya na maƙwabta ya ji amsar da kunnensa.

"Hajiya, ni baya na ba ta. Copy nawa?"

Ke ce kunne marar baki, Mama. Kin ji abin da mata ba sa iya gaya wa iyayensu, ba ki taɓa kai shi ko bakin ƙofa ba.

Ƙarshen watan nan za ta rufe shago ta koma gida, idon ya ƙi. Mun gode, Allah ya ba ki lafiya. Masu buga rubutun mutane, ku koyi juya baya irin nata. Hindatu dai ga ta da sabon babi a jaka, ta zagaya shaguna uku a Dutse, ko'ina kujerar tana fuskantar mai bugawa.