Abin da Ungozoma Ta Gani a Bayan Zana

Matso kusa, jawo tabarmar nan, in ba ka labarin matar da ta gane ciwona lokacin da gidanmu kaf yabona ake yi.

Zamanin Turawa ne, shekarun da ake kwasar samari zuwa yaƙin Bama. Daga Shagari, gidan aurena, aka kawo ni Bodinga goyon ciki, na haifi ɗan fari, namiji. Ka san al'adarmu, uwa ba ta kallon ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane. To ni na cika wannan har na zarce. A miƙo shi in ba shi nono fuskata na bango, a ɗauke in kwanta. 'Yan barka na cewa, "Wagga ɗiya akwai kunya." Goggona, wadda ta riƙe ni tun rasuwar innata, sai murna take.

Alhali ba kunya ba ce. Ba na jin komai ne. In ya yi kuka, kamar a gidan maƙwabta. Kunun kanwa ya ƙi wuce min wuya, nono ya fara janyewa, yaro na ramewa. Na ƙudurce a raina zuciyar dutse gare ni, kuma wa zan faɗa wa? Malamin asibiti da ya zo yin lamba ya duba idona da harshena, ya ce lafiyata lau.

Ungozomarmu tsohuwa ce mai goro a kunci, ko bihim ba ta sani ba. Ita ke min wankan jego safe da yamma. Wata yamma muna bayan zana, ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa, sai ta tsaya.

"Ɗiyata, masu kunyar da na yi wa wanka ba su ƙirguwa. Mai kunya satar kallo take yi in ɗaki ya watse. Ke ko satar ba ki yi. Mi ke ranki?"

Na ce ba komai.

"To. Ruwa bai huce ba, ni ma ba inda za ni."

Ta zauna kan turmi tana jirana. Jiran nan ne ya kwance min baki, na faɗa mata duka ina kuka. Ba ta yi salati ba, ba ta ce iska ce ba. Ta ce ta ga mata da yawa haka bayan haihuwa, ita ma ta yi a na biyunta, kuma yana wucewa in an sami mai saurare.

Washegari ta ce wa Goggo, "Ba ni angona, cibiyarsa na son tururi." Cibiyar da ta warke tuni. Ta kawo shi bayan zana, ta ɗora min a cinya.

"Nan ba Goggo, ba 'yan barka. Dube shi. In ba ki so, ni dai na yi miji."

Ranar ban ji komai ba, ba ta kuma matsa min ba. Kullum dai sai ta kawo shi, muna hira. Ana nan, wata safiya na lura kunnensa na hagu a lanƙwashe yake, irin na innata sak. Na taɓa da yatsa, na ji na yi dariya. Ran nan na shanye kunu har na nemi ƙari. Kafin arba'in yaro ya yi kumatu, Goggo na ta yabon tururi.

Yanzu angon nan na ungozoma, ɗana, furfura ce fal a gemunsa. Ita kuwa ba na sallame salla ban roƙa mata rahama ba.

Kai fa, cikin waɗanda kake yabo da kawaici, wa ka taɓa zama kan turmi ka jira ya yi magana?