Siniyar Inna

Shekarar da wuta ta daina zuwa unguwarmu a Umbadda, Inna ta zana wa wata amarya lalle, layi ɗaya ya karkace a dugadugi. Layi ɗaya fa! Kafin la'asar labari ya gama gari wai idon mai lalle ya mutu. Matan da tun ina goye suke miƙo mata ƙafa suka koma wajen wata.

Gwaggo, yayar babanmu, ta zo har gida ta yanke hukunci. "Halas, ya isa haka, ki ajiye sana'ar nan. Kowa da lokacinsa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi aiki a wata masana'antar haɗa fitilu a Bahri, na san halin fitilar sola da Inna take amfani da ita a ɗakin amare, inda ba a buɗe taga. Tsakiyar haskenta kamar ta huda ido, gefe kuwa duhu, ga inuwar hannun mai zane tana faɗawa daidai kan layin.

Na ce, "Gwaggo, fitilar ce makauniya, ba uwata ba."

"Ji bakinta! Ke ce likita?"

Na sauko da babbar siniyar aluminiyam ta auren Inna, wadda ake jera wa baƙi abinci a kai. Na shimfiɗa farin mayafi a ƙasa, na rataye siniyar a sama, na juya fitilar ta ba wa mayafin baya ta kalli siniyar. Gwaggo ta yi dariya har da tafi, wai ga mai haska rufin ɗaki.

Haske ya dawo ƙasa, amma ya taru wuri guda. Sai na ɗauki taɓaryar ƙaramin turmi. In na ga inda ya yi yawa a mayafin, in dake siniyar a wurin da ke turo shi, in lanƙwasa bakinta ya kora ragowar zuwa gefe. In rataya, in duba, in sauke. Kwanaki na yi ina wannan. Siniyar ta koma duk lotse-lotse, ba gefen da ya yi kama da ɗan'uwansa, Gwaggo tana salati tana cewa na lalata kayan gado. Amma mayafin ya yi fari bai ɗaya daga baki zuwa baki.

Na miƙa wa Inna ƙafata. Ta ja layi daga yatsa har idon sawu, siriri, bai ko girgiza ba. Ranar na zaga unguwa ba safa, na shiga duk gidan da aka yi gulmar, na zauna na miƙe ƙafa. Ba a yi sati ba uwar wata amarya ta yi sallama.

Muna ɗaure siniyar za mu tafi, Inna ta rage murya ta ce, "Idon ma ya ɗan ja baya, 'yata. Na sani."

Na ɗago kai na dube ta.

Ta ɗora siniyar a ka. "Amma ni zan faɗi ranar da zan ajiye, ba gwaggonki ba. Ɗauko fitilar."