Malamar Zaurenmu Ɗiyata Ce ta Fari

Na gama sakandare a Tambuwal, amma karatun Alƙur'anin da na shigo da shi gidan miji na allo ne, wanda na ajiye tun ban yi nisa ba. Shekaru suka tafi a kan tuwo da wanki da goyo. Sai da yara suka tasa maigidana ya saya mini babbar waya, na fara sauraren masu tilawa ina tsince shinkafa. A nan na ji yadda nawa karatun ya karkace. Da shi nake salla kullum, abin ya tsaya mini a rai. Sauraro kuma bai isa ba, sai an samu wanda zai ji ni ya ce nan kin yi daidai, nan ki sake.

Ni na buɗe mana zauren karatu na mata a waya da hannuna. Na sa maƙwabciyata, na sa wata ƙawata ta Sanyinna da muka yi aji ɗaya, mai bakin da ba ya raga wa kowa, na sa matar yayana da ke Fakku. Su ma suka jawo nasu. Wadda ta tsinci darasi mai kyau ta turo, kowa ta karanta abin da ya sawwaƙa ta aiko da murya. Ta Fakku sai ta zagaya bayan rumbu kafin saƙonta ya tafi, shi ya sa karatunta kullum da kukan awaki a ciki. Muna jin daɗi, sai dai dukanmu ɗalibai ne. In na yi kuskure, kuskuren suke yaba mini.

Wata rana bayan la'asar ta Fakku ta rubuto cewa ta samo mana malama a Kebbe, yarinya ce amma ta yi hadda, ta kuma yarda ta riƙa duba mu don Allah. Aka sa lambarta. Ina ganin lambar na ajiye wayar a kan turmi. Tana cikin wayata tun tuni, ban dai taɓa kiranta ba. Ɗiyata ce ta fari.

A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta zuwa Kebbe, can ta girma, can ta yi karatu, can aka yi mata aure. Kakar take kira Inna, ni kuwa Yaya. In ina son sanin lafiyarta, ƙannenta nake tambaya ko an ji labarin mutanen Kebbe. Ina sonta har cikin ƙashina, amma ko kallon ido ba mu cika yi ba. Yanzu ga shi ana so in buɗe baki in yi karatu a gabanta, ta ji inda nake tuntuɓe, a gaban mata.

Na yi shiru a zauren da ni na kafa. Ta Sanyinna ta kira ni.

"Ke uwar zaure, mi ya same ki? Ko kaza ta haɗiye wayar?"

"Data ce ta ƙare."

"Ƙarya kika yi, ina ganinki kina leƙe. Kunyar ɗiya ce? To in an tambaye ki sallarki gobe kiyama, sai ki ce kunya kika ji."

Na zage ta da wasa, amma maganar ta zauna. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na karanta, na goge, na sake, har na tura.

Da safe malama ta bi kowa. Ta ce wa maƙwabciyata, "Gwaggo, kin yanke numfashi inda bai kamata ba, ki koma." Ta ce wa ta Sanyinna ta rage gudu, ba motar Sakkwato za ta tara ba. Da ta zo kan nawa sai ta rubuta, "Allah shi ƙara basira." Shi ke nan. Haka aka yi ta yi, kowa da gyaranta, ni da addu'a. Na san karatuna bai kai na maƙwabciyata ba. Matan ma sun sani, ba wadda ta tanka, kuma shirun nasu ya fi mini ciwo. Ashe ita ma malamar nauyina take ji. Kowa na gaba, ni da na tara su ina nan inda nake.

Na yi niyyar fita daga zauren, har na kai yatsa. Sai na tuna in na fita, da wannan karatun zan ci gaba da tsayuwa gaban Ubangijina, kuma yanzu ba ni da uzurin rashin sani.

Ranar ina bakin murhu, na nemo lambarta ita kaɗai. Ban san da me zan fara ba, tunda sunan ba zai fito ba. Na danna na ce, "Malama, a daina tsallake ni. A gyara mini kamar kowa."

Amsar ta jima. Da ta zo, na kara wayar a kunne don kada yara su ji. Ta yi sallama.

"Yaya, ki gafarce ni. Ba raini ba ne, nauyi nika ji." Sannan ta ce, "To, mu koma farkon surar. Akwai gyara da yawa."

Akwai kuwa. Ta bi ni aya aya, ina ni kaɗai a madafa, har miya ta kusa kamawa. Ban taɓa jin muryarta ta daɗe haka a kunnena ba.

Har yau kunyar ba ta sake ni ba. Da ɗiyar tawa ta zo gaisuwar salla ta durƙusa daga bakin ƙofa, na amsa ina kallon tabarma, ba wadda ta ɗaga zancen. Bayan ta koma Kebbe na tura mata sura ta gaba, ta dawo mini da ita da gyara.