Sadakar Hajiya a Dajin Falgore

Tashi daga Yakasai

Ana idar da sallar asuba muka tako daga Kabara zuwa Yakasai, ni da matata Bilki, don mu ɗauki surukata Hajiya zuwa Jos, inda ƙanwar Bilki ta haihu. Motar ta surukina Alhaji ce, tsohuwa mai gilashin murɗawa da hannu, amma ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba. 'Ya'yan cikinsa ma bai taɓa ba su makullinta ba. Ciwon ƙafa ne ya sa ya ba ni, kuma sai da ya zagaya da ni jikinta da fitilar waya, yana nuna mini babu ƙwarzane ko ɗaya. Na gane karatun. In ta dawo da tabo, na gama ɗaga kai a gidan nan.

Tun da na auri Bilki, ni da Hajiya ba mu taɓa wuce gaisuwa ba, gaisuwar ma a durƙushe nake yi ina kallon takalmina. In ina da magana, Bilki nake faɗa wa ta isar, ko da mu ukun muna kan tabarma ɗaya. Don haka kafin in tayar da mota sai da na karkatar da madubin ciki, kada idona ya faɗa cikin nata.

Hajiya ta shiga baya da jakar sadaka: ayaba, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da alkaki. Al'adarta ce ba ta tafiya sai tana rabo ta taga don neman tsari. Kafin mu fita ganuwa ta riga ta miƙa wa mutum uku.

Kwanar Dangora

Rana ta ɗan ɗaga muka tsaya karin kumallo, shayi da ƙosai mai zafi. Wani dattijon direban haya da muka zauna benci ɗaya ya ji Jos za mu, sai ya ja mini kunne a kan Dajin Falgore. Ya ce in rage gudu tun daga bakin dajin, kuma in na ga dabba ɗaya ta tsallaka in ɗauka danginta na biye. In abu ya faɗo gabana in taka birki a miƙe, kada in karkace, don masu kauce wa zomo su ne ke kwana a rami. Ya ƙara da cewa kada mu kuskura mu ba birai abinci, domin abincin matafiya ne ya koya musu zaman titi.

Na ce da Bilki ta isar wa Hajiya. Bilki ta ce to, sannan ta haɗiyi maganin amai, irin mai sa barci. Kafin mu kai Tudun Wada ta yi nisa, baki buɗe, saƙona na cikinta. A shingen bincike jami'in ya leƙo, ya ga mai barci, ya ga tsohuwa na jan carbi, ya ɗaga mana hannu.

Dajin Falgore

Na rage gudu kamar yadda aka ce. Bishiyoyi suka rufe gefe da gefe, babu gida babu mutum. Wata gada ta gilma can gaba, na dakata, sai ga ta biyu ta bi ta. Har na fara jin kaina ƙwararre.

Daga nan na ji ƙarar murɗa gilashi a baya. Hajiya ta daɗe ba ta ga wanda za ta ba sadaka ba, abin ya dame ta, sai ga birai jere a gefen hanya, manya, irin gwaggon biri. Na ji tana cewa su ma halittar Allah ne, ga su a zaune ba mai tuna su. Ayaba ta farko ta sauka a tsakiyar kwalta.

Na zunguri Bilki da gwiwar hannu. Ta gyara kwanciya. Na yi gyaran murya har sau uku. Da na ga ba ci, sai na dubi sitiyari na ce masa, cikin ladabi, wai an ce ba a so a riƙa ba birai abinci a kan hanya. Hajiya, da yake ita ma ba ta amsa mini kai tsaye, ta ce da jakarta mutanen yanzu rowa ta yi musu yawa. Ta damƙo gyaɗa ta watsa gaba, saitin tayata.

Ban san daji na da birai haka ba. Suka zubo kan titi ta ko'ina, har da wata mai goyo da ta faɗo daidai hancin mota. Na taka birki a miƙe, motar ta tsaya cak, na kunna fitilun gargaɗi domin akwai babbar mota a bayanmu. Na ji kukan birkinta har cikin haƙorana. Ta tsaya, amma da na zuro hannu da na taɓa ta. Wani ƙaton biri ya zagayo ya dafa ƙofar baya da faratansa, a kan fentin Alhaji, ya zura hannu ta taga yana laluben jaka. Hajiya kuwa tana ce masa ya bi a hankali, kowa zai samu.

Tsoro ya kama ni sosai, kunyar shekaru ta fice ta kunne. Na juya, ido cikin ido, na daka tsawa: "Hajiya, rufe tagar nan!"

Ta rufe. Ban taɓa ganin an murɗa gilashi da sauri haka ba. Na riƙa danna hon ina tafiya kamar mai bin jana'iza har biran suka watse. Bilki ta farka ta tambaya ko mun iso.

Jos

Mun shiga bayan azahar, muka kwana biyu a gidan mai jego. Sanyi ya ci mu, mu kuma muka ci dankali da farfesu. Na duba ƙofar nan a rana da inuwa: shatin hannu ne kawai na ƙura, na wanke shi. Amma Hajiya ko gaisuwata a taƙaice take amsawa. A dawowa na ratsa dajin da rana tsaka, tagogi a rufe.

Dawowa gida

Bayan la'asar muka iso Yakasai. Alhaji ya fito da sanda, ya zagaya motar a hankali, bai sami komai ba. Ina shirin miƙa makulli sai Hajiya ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Alhaji, yaron nan tsawa ya yi mini a daji."

Na durƙushe, ina jin ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya sa ta ba da labarin daga farko, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ta ko ta rufe tagar. Ta ce ta rufe mana.

Ya yi mini wani kallo da bai taɓa yi mini ba. Ya ce tun suna da ƙuruciya yake roƙonta ta daina jifa ta taga, ko sau ɗaya ba ta ji ba. Ya mayar mini da makullin cikin tafina, ya dunƙule hannun.

"Riƙe a wurinka, Malam. Wata mai kamawa tana da biki a wajen Yankari. Can giwaye ne."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, mu da mota da biran baki ɗaya. Na gode wa dattijon Kwanar Dangora da direban babbar motar da birkinsa ya ci. Alhaji ma na yi masa godiya, domin a durƙushe nake, kuma babu abin da suruki zai ce sai hakan.