Allurar da Ta Zo wa Hansai a Makare

A Balan, idan ka ce Usaini za a tambaye ka wanne, domin suna da yawa. Amma idan ka ce Usaini Mai Kula, ko tsohuwar da ba ta fita ƙofar gida ta san shi. Shekara goma sha bakwai ya yi yana ɗaure kula, wato akwatin sanyi na alluran rigakafi, a bayan babur, daga ma'ajiyar magani ta Gaya zuwa ƙananan asibitocin ƙauyuka. Shi ba ma'aikacin lafiya ba ne. Ɗan acaɓa ne da aka ɗauka haya sau ɗaya lokacin ɗigon shan inna, aka ga ba ya wasa da lokaci, sai aka riƙe shi.

'Yan biyu aka haife su, ƙyanda ta ɗauke ɗan'uwansa suna da shekara huɗu. Ya ce ba ya tuna fuskarsa. Abin da yake tunawa shi ne innarsu ta yi kusan wata guda tana zuba tuwo a kwano biyu kafin ta daina. Wataƙila shi ya sa ya ɗauki kular nan kamar amanar rai. Bai yi boko ba, amma ya san ɗan tambarin da ke jikin kwalbar allura, wanda idan ya yi duhu an san zafi ya lalata maganin. Da bazara yakan jiƙa buhu ya lulluɓe kular, kuma ba ya tsayawa gaisuwa a hanya ko da surukinsa ne ya ɗaga masa hannu.

Matarsa Hansai 'yar Gafasa ce, ta ƙasar Ajingi. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, mace mai yawan dariya da saurin hannu. Haihuwarta biyar, biyu suka rayu, duka mata: Zuhra da ƙanwarta Batula.

Ciwon ya fara mata da zubar jini ba a lokacinsa ba. Ta ɓoye fiye da shekara guda. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta sayi ƙwayoyi a kemis. Usaini bai sani ba sai ranar da jiri ya ɗebe ta a gaban kaskon tuya, saura kaɗan ta faɗa cikin mai. Ya ɗora ta a babur ya kai ta wurin Malama Kamila, jami'ar da ke kula da ƙaramin asibitin da ya fi kai wa allura. Kamila ta duba ta a ɗaki, ta fito ba ta kalle shi a ido ba, ta rubuta takarda ta ce su tafi Kano gobe-gobe, kada su bari sai jibi.

A Kano aka ɗebi ɗan nama aka aika gwaji. Sai da suka yi zuwa uku, suna ƙetare gadar Wudil suna dawowa, kafin sakamako ya fito. Likitan matashi ne mai haƙuri. Ya ce ciwon daji ne na bakin mahaifa, kuma ya yi nisa.

"Likita, babu allurarsa?" in ji Usaini. Shi a saninsa kowace babbar cuta tana da allurarta, ai shi yake ɗauko su.

Likitan ya ja kujera ya matso. Ya ce jikin mutum yana da sojojinsa da ake kira garkuwar jiki, masu kama duk baƙon abu. Ciwon daji wayo gare shi, yakan yi shigar ɗan gida, sojojin su wuce shi ba su gane shi ba. Ya ce yanzu akwai wani sabon magani da ba ciwon yake duka kai tsaye ba, sojojin jikin yake buɗe wa ido su gane shi su yaƙe shi da kansu.

"To a ba ta shi mana."

"Malam, ba mu da shi a nan. Inda ake samunsa kuma, ko ka sayar da gona da babur ba za su kai ka ko'ina ba. Sannan ba kowa yake yi wa aiki ba. Akwai kuma masu bincike da ke ƙoƙarin haɗa allurar da za a yi wa wanda ciwon ya riga ya kama, amma har yanzu gwaji ake yi."

"To me ya sa ka gaya mini?"

Likitan ya ce, "Ka tambaya ne, ban so na yi maka ƙarya ba."

Aka fara yi wa Hansai ƙarin ruwan nan mai ƙarfi da suke kira kemo. Gashin kanta ya zube, bakinta ya yi gyambo, ƙamshin man gyaɗar da ta rayu a cikinsa ya koma sa ta amai. Aka ce tana buƙatar a gasa ciwon da na'ura, aka tura su wani asibiti a wata jiha. Suka wuni a mota, suka tarar na'urar ta lalace, aka rubuta sunanta aka ce za a kira su. Ba a kira ba.

Da kakar shekarar 2023, ana cikin cirar gyaɗa, Usaini ya je ma'ajiya ɗaukar kaya kamar kullum, ya tarar da sababbin kwalaye da takardun manna wa bango masu hoton 'yan mata. Ya tambayi mai ma'ajiyar ta mece ce wannan.

"Sabuwa ce. Rigakafin kansar bakin mahaifa."

Usaini ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Bai ƙara tambayar komai ba. Ya ɗaure kula, ya kai wa Kamila, ya wuce gida ko kashe babur bai yi ba.

"Hansai, tashi ki sa mayafi. Allah ya kawo ta har gida."

"Me ya kawo, Malam?"

"Allurar ciwonki. Da hannuna na ɗauko ta."

Ta daɗe ba ta yi irin murmushin da ta yi ranar ba. Zuhra ta taimaka mata ta hau babur, ya tuƙa a hankali yana kauce wa ramuka, domin zama ya riga ya zame mata azaba.

Kamila na jera kati a tebur ta gan su.

"Malama, na kawo ta. A fara da ita."

"A fara me da ita, Malam Usaini?"

"Allurar mana. Ba ta ciwon da ke jikinta ba ce?"

Kamila ta ajiye katin. Ta ba Hansai kujera, ta ja shi gefe ƙarƙashin darbejiya, ta yi ƙasa da murya. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta da ita ce ke haddasa mafi yawan wannan ciwo, shekaru bayan ta shiga jiki. Allurar tana koya wa garkuwar jiki ta san ƙwayar tun ba ta iso ba. Shi ya sa 'yan mata ake yi wa, daga shekara tara zuwa sha huɗu. Wadda ciwon ya riga ya kama, ba abin da za ta yi mata.

"Ki gwada dai. Idan ba ta yi amfani ba, ai ba za ta cutar ba."

"Ba zan yaudare ku ba, Malam. Da tana yi, wallahi da ni zan bi ta har gida."

Ya tsaya yana kallon kular da ya ɗauko da kansa. Hansai ta ji komai, domin wurin ba shi da faɗi. Ita ce ta kira shi.

"Malam, mai da ni gida. Gobe ka kawo yaran."

Washegari ya kawo su. Batula shekararta goma sha ɗaya, aka yi mata, ko kuka ba ta yi ba. Zuhra kuwa ta cika sha biyar tun watan azumi. Kamila ta duba takardar haihuwarta, wadda Usaini ya adana a leda tsawon shekaru yana alfahari da ita, ta girgiza kai.

"Wata bakwai kawai, Malama. Da ban kawo takardar ba ai da ba ki sani ba."

"Da ban sani ba. Amma yanzu na gani, kuma umarnin da aka ba mu ke nan. An ce abin da aka kawo ba zai ishi kowa da kowa ba."

Da allurar ta ƙare a hannun 'ya'yan wasu, da ya haƙura. Amma ba ta ƙare ba. A makon aka fara yawo da wani saƙon murya a wayoyi, wani da ba a san ko wane ne ba yana rantsuwa cewa allurar hana haihuwa ce. Usaini da Kamila suka je makarantar firamare ta wani ƙauye, suka tarar ajin 'yan mata wayam. Wasu an tura su roron wake, wasu an kulle su a gida. Suka bi gida-gida, ana ce musu maigida ba ya nan. Tabbas wasu iyayen sun kawo nasu, har da wani mai unguwa da ya fara da jikokinsa. Amma kwana uku a jere Usaini yana mayar da kula Gaya da nauyinta kusan yadda ya ɗauko ta, Zuhra kuma tana gida tana wanke zannuwan uwarta.

A rana ta huɗu, bayan sallar la'asar, ya tsaya a majalisar ƙofar masallaci, abin da bai saba ba. Ya ce shi dai ba malami ba ne, ba likita ba, amma ya yi wa 'yarsa, kuma yana roƙon kowa ya yi wa tasa. Maikuɗi mai injin niƙa, abokinsa tun suna yara, ya gyara zama.

"Usaini, ba na musun zuciyarka. Amma ka faɗa mini gaskiya. Zazzaɓi yana kashe mana yara, ka je asibiti a ce babu magani, ka sayo. Wannan kuma kyauta, har gida, kuma sai 'ya'ya mata kawai? Shi wannan ciwon ma, ka taɓa ganin mai shi a garin nan? Nuna mana mutum ɗaya."

Gidan Usaini bai fi taku ɗari daga wurin ba. Amma tun ranar da suka dawo daga Kano Hansai ta sa shi ya yi mata alkawari ba zai gaya wa kowa sunan ciwonta ba. Ta ce ba za ta jure a riƙa zancen mahaifarta a bakin masallaci ba, kuma tana tsoron a ƙi neman auren 'ya'yanta a ce gadon ciwo gare su. Duk gari an san ba ta da lafiya, amma wasu na cewa basir ne, wasu na cewa sammu.

Usaini ya dubi Maikuɗi. Ya ce, "Akwai su." Maikuɗi ya ce, "Ina?" Usaini ya sa takalminsa ya tafi.

A gida ya roƙe ta ta yafe masa alkawarin.

"Mutum ɗaya suke so su gani, Hansai. Ɗaya tak."

"To su ga wata, ba ni ba." Ta juya fuska bango. Can ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Abin da ya rage mini ke nan."

Bai sake tayar da zancen ba. Hansai ta rasu da farkon damina, wata ranar Talata da hantsi, Zuhra na riƙe da hannunta.

Usaini ya yi wata biyu bai ɗauki kular ba, sai gona. Kamila ce ta zo har ƙofar gida ta same shi yana gyaran garma. Ta ce ba ta zo lallashi ba. Ta zo ne ta gaya masa cewa manyan mata ma suna da abin da za a yi musu: akwai gwajin da ake duba bakin mahaifa, idan an ga alama tun da wuri a magance ta kafin ta zama ciwo. Ta ce wani asibiti a cikin garin Gaya ya fara yi ranar Laraba.

Mace ta farko da ta faɗo masa a rai ita ce Hanne, ƙanwar Hansai, da ke aure a Gafasa. Sai da ya yi zuwa uku kafin mijinta ya yarda, shi ma da sharaɗin a dawo da ita kafin azahar. Ranar Laraba ya yi sammako ya ɗauko ta. Ruwa ya cinye hanya, sau biyu tana sauka yana tura babur a cikin laka. Suka isa ƙarfe goma, suka sami ƙofar ɗakin gwajin da kwaɗo.

Wata mai shara ta ce matar da ke yin gwajin ta tafi taron bita a Kano.

"Babu wata da za ta yi?"

"Ita kaɗai aka koya wa. Ku dawo wani makon."

Hanne ta dubi zanenta da ya yi kaca-kaca da laka, ta dubi Usaini.

"Yaya, ka san ba zai sake bari na fito ba."

"Zan je na same shi."

"Zuwa uku fa ka yi."

"To zan yi na huɗu. Hau mu tafi, kada azahar ta yi mana a hanya."