Yaran da Hannunsu Bai Kai Kunne Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da aka aike ni unguwar mahauta a Garuwa ba, ko da yake shekaru sun ja, wataƙila wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ban daɗe da fitowa daga makarantar horar da malamai ba. Sufeto ya ce za a buɗe ajin matarnel, wato na yaran da ba su isa firamare ba. In ban cika rajista kafin Litinin ba, za a kai ajin wata unguwa.

A lokacin ba kowane yaro ke da takardar haihuwa ba. Sai ya ɗora hannun dama ta saman kai. In ya taɓa kunnen hagu, ya isa makaranta. Da na isa ƙofar Sarkin Fawa, na tarar ya riga ya yi gwajin: ya jera manyan, ya sallami ƙananan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin waɗanda aka sallama ɗin nake nema."

Ya ce, "Malam, wanda hannunsa bai kai kunne ba, me zai karanta?"

Na fara lissafi: waƙa, wasa, wanke hannu. Na ce kamar karatu ne, amma ba sosai ba. Wani mahauci ya ce, "Wasan ƙasa ma yanzu sai da malami?" Aka kwashe da dariya.

Sai yayar Sarkin Fawa, Goggo Dije, ta leƙo daga zaure. "In yaro ya ɓata wando, wa zai wanke?"

Na ce an ɗauki mata biyu.

"To ɗan nan, daina cewa karatu. Raino ne. Kuma ba a ba da raino ga wadda ba a sani ba. Kawo su mu gani."

Wannan ba ya cikin umarnin sufeto, shi ya sa na yi ta jan ƙafa, amma washegari na kawo su. Matan gidan suka tsare su da tambaya har azahar: 'yar gidan wa, ta taɓa goyo, tana duka? Ranar Litinin rajista ta cika. Tun daga nan ake cewa makarantar raino, har mu malamai. Matarnel ta tsaya a takarda.

Abin da na koya, in ban yi kuskure ba, iyaye ba sa miƙa ɗansu ga aji, sai ga mutumin da suka gani da idonsu. In akwai wanda ke wurin ran nan, don Allah ya aiko mini da gyara, musamman ko Goggo Dije ce ta fara kiran ajin haka, ko a bakin wasu ta ji.